Ɗakin Sama

Shafi na 14

Masu bina da saƙo suna cewa na bar su tsaye a ƙofar ɗakin jarrabawa, ku yi haƙuri, takardun ɗalibai ne suka danne ni. Ku gyara zama.

*

Suna cikin layin shiga babban zauren, wata mata mai kati rataye a wuya ta taɓa kafaɗar Auta.

"Ke ce mai koyar da lissafi a aji biyar?"

"Ni ce."

"Fito ki biyo ni."

Auta ta waiga ta kalli Malam Dogo da ke bayanta. Tare suka zo, kamar yadda suka daɗe suna koyarwa tare a makaranta ɗaya a kan kwantiragi. Aikin cikakken malami suke yi a kan rabin albashi, ba fansho, kuma duk ƙarshen shekara mutum yana zaman jiran ko a sabunta masa ko a sallame shi. Yau ce jarrabawar da gwamnati ta ce wanda ya ci za a mayar da shi na dindindin. Shi Malam Dogo daga wannan ba shi da wata, baɗi shekarunsa sun wuce ƙa'ida.

"Je ki mana," in ji shi. "Wataƙila hotonki ne bai fito ba. Kin san ba kya tsayawa a ɗauke ki sai kina faɗa."

Ta yi dariya ta bi matar.

Ba ofis suka nufa ba. Ta bayan ginin suka zaga, suka hau bene, matar ta ƙwanƙwasa wata ƙofa aka buɗe daga ciki.

Sanyi ne ya fara dukan fuskar Auta.

Ɗaki ne madaidaici mai labule har ƙasa. Kwamfutoci sababbi, wasu ko ledarsu ba a gama ɓarewa ba. Kowane tebur da gorar ruwa mai sanyi a kai. Mutanen ciki ba su da yawa, kuma ba mai kama da wanda ya kwana yana karatu. Wani saurayi yana taunar cingam yana danna waya. Wata budurwa mai dogayen farce tana gyara gira a gilashin kwamfuta.

"Ah! Malama Auta! Ashe da ke!"

Auta ta juya. Matar shugaban makarantarsu ce, wadda ke zuwa ɗakin malamai duk wata da jakar atamfofi tana talla. Matar da ko alli ba ta taɓa riƙewa ba.

"Me kike yi a nan?" Auta ta tambaya.

"Abin da kike yi mana. Zo ki zauna kusa da ni, ki riƙa nuna mini inda ake dannawa."

Kafin Auta ta ce wani abu, mai katin ta ja mata kujera, ta murɗa makullin ƙofa ta zare ta jefa a jaka.

Wani mutum mai ƙaton tumbi ya miƙe a gaba, waya a hannunsa.

"To, jama'a, a natsu. Zan riƙa faɗa kuna dannawa. Amma ku ji da kyau, kada kowa ya cinye duka. Kowa ya zaɓi 'yan kaɗan ya faɗi da gangan. Bara wasu marasa hankali suka cinye tas, suka kusa ja mana magana."

Aka yi dariya.

Mai dogayen farcen ta ɗaga hannu. "Yallaɓai, wai ni wane darasi aka ce zan koyar ma?"

"Kimiyya."

"Wai! Ba wani mai ɗan sauƙi?"

"In kin shiga kya canja."

Auta ta tuna yaran ajinta, yadda suke zama uku-uku a benci ɗaya suna jiran malamin kimiyya tun farkon zango. Ga wadda za a kai musu.

Ta miƙe.

"Ina ga kuskure aka yi. Ni a ƙasa wurina yake."

Mai katin ta matso, ta yi ƙasa da murya.

"Ba a yi kuskure ba. Zauna."

"Wa ya ce a kawo ni nan?"

"Ki tambayi kawunki in kin je gida."

Auta ta yi turus.

"Kawuna?"

"Kawu nawa gare ki a hukumar nan? Malama, kada ki ɓata mana lokaci."

"Ki buɗe mini ƙofa. Ƙasa zan koma."

"Ba ki da kujera a ƙasa. Lambarki a kan wannan kwamfutar take. Kuma ƙofar nan ba mai buɗe ta sai an tashi."

"Tambaya ta ɗaya, zaɓi na biyu," mai tumbin ya fara. "Ta biyu, na huɗu."

Auta ta koma ta zauna. Ta ce a ranta, to ni da kaina zan yi. Ta toshe kunne ɗaya da yatsa, ta ƙura wa allon ido. Amma ina! Kafin ta kai ƙarshen tambaya amsar ta riga ta shiga ɗaya kunnen. Wadda ta sani da wadda ba ta sani ba duk suka cakuɗe. Ta zo kan wata tambaya ta tsarin koyarwa da ba ta da tabbas a kanta, ta ji ya ce na uku, sai ga hannunta ya tafi kan na uku da kansa.

Ta janye hannun kamar ta taɓa garwashi.

Daidai nan fitilar ɗakin ta yi ƙyaf ta dawo. Janareta ya tashi a waje. Daga ƙasa kuma sai ihu.

Auta ta ɗaga gefen labule. Ta nan ana hango tagogin babban zauren. Duhu ne a ciki. Wutarsu ta ɗauke, janaretan kuwa ɗakin sama kaɗai aka ja wa. Mutane sun miƙe suna ɗaga hannu suna kiran masu tsaro. Wata mai tsohon ciki ta fito bakin taga tana shan iska da baki. Can ta hango Malam Dogo, ya fi kowa tsawo, ya dafa kwamfutarsa da hannu biyu kamar mai lallashin mara lafiya.

"Don Allah a saki labulen nan," in ji matar shugaban makaranta. "Hayaniyarsu ta sa ban ji ta bayan nan ba. Yallaɓai, maimaita."

Auta ta ture kujerarta baya, ta naɗe hannu a ƙirji. Ba ta ƙara taɓa komai ba.

Mai katin ta leƙo allonta ta taɓe baki.

"Ki yi ko kada ki yi, duk ɗaya. In kin tashi za a ƙarasa miki."

Da aka gama, ta ƙofar baya aka fitar da su. Auta ba ta tsaya neman Malam Dogo ba. Ba ta da idon da za ta kalle shi da shi. A bakin kwata ta durƙusa ta amayar da shayin safe, ta kuskure baki, ta tari mota.

*

Takalmin Kawu ta fara gani a ƙofar falo, an goge shi yana sheƙi.

Yana zaune a kujerar da marigayi Babansu ke zama, kofin shayi a gabansa. Inna tana gefe a kan darduma, fuskarta fal fara'a irin wadda Auta ta daɗe ba ta gani ba.

"Ga ma'aikaciya! Ga ta dindindin!" in ji Kawu. "Yaya, ba na ce miki ki kwantar da hankalinki ba?"

Auta ba ta gaishe shi ba. Tunda take ba ta taɓa shiga inda yake ba ta durƙusa ba sai yau.

"Kawu, kai ka sa a kai ni ɗakin can?"

"Auta!" Inna ta daka mata tsawa. "Gaisuwar ke nan?"

"Bar ta, Yaya. Gajiya ce. E, ni ne. Sai aka yi yaya?"

"Wa ya roƙe ka?"

Inna ta sunkuyar da kai tana jan zaren darduma.

"Inna?"

"Ni na roƙe shi."

"Ke?"

"Ni. Na gaji. Na gaji da ganin ki kina fita da asuba kina dawowa murya a dishe, duk shekara kina zaman zullumi. Sa'o'inki sun yi gaba. In na faɗi yau wa zai riƙe ki? Laifi na yi don na nema wa 'yata?"

"Inna, na yi karatu! Kina gani da idonki. Da an bar ni a ƙasa da na ci!"

Kawu ya yi dariya har shayi ya so ya sarƙe shi.

"Da kin ci me?"

"Jarrabawar."

"Yarinya ke nan. Ai ba abin ci a ƙasa. Guraben nan an gama raba su tun kafin a buga sanarwa. Na wane, na wance, na direban wane. Ni ma da ƙyar na ƙwato miki ɗaya, sai da na yi rigima da mutum uku."

"To mutanen da ke ƙasa fa? Me aka tara su yi?"

"A ɗauki hoto."

Auta ta zuba masa ido.

"Hoto?"

"To da fa? Ai dole a nuna an yi jarrabawa. Gobe za ki gani a labarai, zaure cike, kowa na rubutu."

Ko a jikinsa ya faɗa, yana juya cokali a kofi.

"Akwai mai tsohon ciki a cikinsu," in ji Auta. "Akwai wanda ya kwana a tashar mota don kada ya makara. Malam Dogo, da furfurarsa, ya koma yana haddar abin da ya koya wa wasu tun ba a haife ni ba. Ka ce mini hoto?"

"Ni na kafa tsarin? Haka na tarar da shi."

"Kuma kuka cika ɗaki da 'yan talla. Wadda za ta koyar da kimiyya ba ta san darasinta ba, Kawu! Yaran mutane za a ba ta!"

"Shi ya sa na sa ki. Ko ba komai a samu ɗaya mai ilimi a ciki. Ai godiya ya kamata ki yi."

"Ba na so."

"Me kika ce?"

"Na ce ba na so. Gobe zan tara 'yan ƙungiyarmu ta malaman kwantiragi in faɗa musu abin da na gani. Ni ce sakatariyarsu. Ni na tsaya a gabansu na ce wannan karon gaskiya za a yi, kowa ya je ya yi karatu. Ni na ce musu!"

Inna ta dafe ƙirji. "Kawun naki za ki tona? Wanda ya riƙe mu tun rasuwar ubanki? Wanda yake kai ni asibiti duk wata? So kike a ɗaure mini ƙane?"

Kawu ya ajiye kofin a hankali. Fara'ar ta bar fuskarsa.

"Yaya, ƙyale ta. Tunda gaskiya take so, bari a ba ta ta ƙoshi."

"Kada ka fara," in ji Inna da sauri. "Don girman Allah, kada ka fara."

"Auta, shi kwantiragin da kike taƙama da shi, wa ya ba ki?"

"Jarrabawa na yi na ci."

"Wa ya ce miki kin ci?"



"Kin yi ƙoƙari, ban hana ba," ya ci gaba. "Amma gurbin lissafi ɗaya ne a makarantar nan, kuma akwai wadda ta fi ki. Ta fi ki nesa ba kusa ba. Ni na ɗauke ta na sa ki."

"Ƙarya ne."

"Tambayi uwarki."

Auta ta juya. Inna ta ja mayafi ta rufe baki, idonta ya ciko.

"Inna, ki ce ƙarya ne."

"Lokacin ba mu da ko na cefane, Auta."

"Kin sani?"

"Na sani."

"Duk shekarun nan? Ina tsayawa gaban yara ina ce musu wanda ya yi satar amsa ɓarawo ne? Na taɓa korar yaro daga aji don ya leƙa takardar ɗan'uwansa, Inna. Uwarsa ta zo tana kuka ban saurare ta ba. Kina ji ina ba ki labari, kika ce na yi daidai!"



Auta ta kalli hannuwanta. Har yanzu akwai farin alli a gefen farcenta, wanda ba ya fita ko an wanke. Da can in ta gan shi daɗi take ji. Yau ji ta yi kamar ta kankare fatar gaba ɗaya.

"Wace ce?" ta tambaya.

"Me za ki yi da sanin ta?"

"Wace ce, Kawu?"

"Kin ma san ta. Ni ban manta ba ne don uban ya ishe mu da zarya a ofis, wai a sake duba takardar 'yarsa. Wani dogo haka."

Auta ta dafa bango.

Babbar 'yar Malam Dogo. Wadda yake kira Mamana.

Shekara ɗaya suka zauna jarrabawar. Da sakamako ya fito, Auta ce ta je har gida ta same ta a ɗaki ta ƙi cin abinci. Auta ce ta dafa ta ta ce, "Ki ƙara dagewa da karatu, wataƙila akwai inda kika yi sakaci." Yarinyar ba ta sake nema ba. Yanzu a shagon buga takardu take, tana tsaye daga safe har yamma tana buga wa wasu takardun neman aiki. Ko a makon nan ita ta buga wa Auta katin shiga jarrabawa, ta ƙi karɓar komai, ta ce, "Anti, ke dai ki ciyo mana."

Shi kuma Malam Dogo, ranar da Auta ta fara aiki, shi ya kama hannunta ya nuna mata yadda ake tsara darasi. A kan kujerar 'yarsa.

"Allah ya isa," Auta ta ce a hankali.

"Wa kike ja wa?" Kawu ya zabura. "Ni? Albashin da kika ci shekara da shekaru, ni na ci? Maganin uwarki, kuɗin makarantar 'ya'yan yayarki, daga ina suka fito? Ki je ki tona. Amma in za ki fara, ki fara daga kanki. Ki ce musu sakatariyarsu ma ta taga ta shigo."

"Ban sani ba lokacin!"

"Yanzu kin sani. Sai ki ajiye aikin mu gani."

Inna ta rarrafo ta kama ƙafar Auta.

"Ki rufa mana asiri. Ki yi shiru kawai, ba a ce ki yi ƙarya ba. Shiru kawai. Ni na haife ki, ban taɓa roƙon ki komai ba."

"Inna, ki tashi. Don Allah ki tashi, kada ki durƙusa mini."

"Ba zan tashi ba sai kin ce to."

Sai ga sallama daga tsakar gida.

Muryar namiji, a dishe. Auta ta gane ta tun kafin ya rufe baki.

Inna ta saki ƙafarta da sauri ta goge fuska. Kawu ya gyara zaman hularsa.

Malam Dogo ya sunkuyo ya shigo, don ƙofar ta yi masa gajarta. Rigarsa ta jiƙe da gumi ta bushe ta bar shaida. A bayansa Mamana ce, riƙe da jakarsa.

"Inna, mun same ku lafiya? Yallaɓai, barka da yamma." Bai san Kawu a matsayin kowa ba, ko kuma ya manta fuskar. Ya juyo. "Auta, alhamdu lillahi. Mun yi ta kiran wayarki a kashe. Mamana ta ce ba za ta iya komawa shago ba sai ta gan ki."

"Anti, hankalinmu ya tashi," in ji Mamana. "Baba ya ce tun da aka fita da ke daga layi bai sake ganin ki ba."



"Ni dai tawa ta ƙare," in ji Malam Dogo, yana ɗan murmushin da ya fi kuka ciwo. "Ko rabi ban kai ba wuta ta ɗauke. Da ta dawo, kwamfutar ta ce lokaci ya cika. Amma ba wannan ya kawo ni ba."

Ya zauna a bakin kujera, ya haɗa dogayen yatsunsa.

"Wasu sun ce sun ga fitila a sama lokacin da muke cikin duhu. Sun ce akwai wani ɗaki. Mun je wurin lauyan ƙungiya daga can. Ya ce jita-jita ba ta soke jarrabawa. Amma in aka samu mutum ɗaya, ɗaya tak, wanda ya shiga ɗakin da ƙafarsa ya yarda ya faɗa a gaban kwamitin bincike, dole a soke a sake. In aka sake a bana, ina ciki."

Inna ta laluɓo hannun Auta ta baya ta matse shi har ƙashi.

Kawu ya ɗauki kofinsa ya kurɓa, idonsa a kan Auta ta saman kofin.

"Ni ban yarda da masu cewa har da ke ba," in ji Malam Dogo. "Na ce musu Auta 'yata ce, ni na san ta. Na kusa marin wani a kan haka. Amma ina so in ji daga bakinki."

Mamana ta ajiye jakar, ta matso ta tsaya gaban Auta.

"Anti," ta ce, "ina matar nan ta kai ki?"